Bakin Lawal Mai Jar Ƙasa

Duk wanda ya tashi a Dukawuya ya san Lawal Mai Jar Ƙasa. Dogo ne, siriri, ya ɗan ranƙwafa saboda shekarun da ya yi a sunkuye cikin rami. Ƙasa ta rine masa ƙafafu da farata, ko ranar Juma'a ya yi wanka ya zura farar riga sai ka hangi ja-ja a bakin hannunta. Sana'arsa haƙar ƙasar gini. A da jakansa shida, yanzu saura biyu, su ma sun fi shi gajiya. Ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa da kowa, jam'i ba ya wuce shi. Aibinsa guda ne, kuma unguwa duka ta san da shi: Lawal ba ya iya ganin sa'ansa Nu'uman cikin alheri ya ci tuwo ya ji daɗinsa.

Abin ya samo asali ne tun daga ramin mahaifinsa, Malam Tanimu. A bayan gidansu akwai tsohon kududdufi, irin waɗanda aka kwashi ƙasarsu aka gina gidajen birni. Ƙasar sama ta ƙare tun tuni, amma Malam Tanimu ya gano wata jar ƙasa mai danƙo da ta shige cikin gaɓar kududdufin, sai ya bi ta a kwance, ya yi kogo. Magina rububinta suke yi, don tubalinta ba ya tsagewa, yaɓenta kuma sai ya ga damina biyar bai zube ba. Tsohon yana da doka biyu. Duk kamu huɗu a bar ginshiƙi mai kauri ya riƙe rufin, kada diga ta taɓa shi komai kyan ƙasarsa. Sannan iyakar ramin saitin tsamiyar da ke sama ne. Da ka ga saiwarta ta leƙo daga rufi, ka juyo.

Nu'uman kuwa ɗan wasu Fulani ne da suka zauna a unguwar bayan shanunsu sun ƙare. Sa'an Lawal ne, tare suka yi makarantar allo, tare suka shiga ramin, Malam Tanimu kuma ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa. Sai dai tsohon, Allah ya jiƙansa, yana da wata ɗabi'a. In zai yaba aiki, sai ya ce, "Lawal, zo ka ga yadda ɗan'uwanka ya sare gefen nan." Shi a ganinsa koyarwa yake yi. Lawal kuwa har yau zai iya faɗa maka sau nawa aka kira shi ya zo ya gani.

Da siminti ya fara cinye aikin gini, Nu'uman ya ajiye diga ya koma buga bulo a bakin titin Kabuga. Lawal ya yi masa dariya har da riƙe ciki, wai wane mahaukaci ne zai bar sanyin soro ya shiga tanda? Ashe kowa ma. Kafin shekara goma sha biyar Nu'uman ya sayi injin bulo, ya sayi tifa biyu, ya sauke farali. Ranar da ya dawo daga Makka zaurensa ya cika, ana ta "Alhaji, Alhaji." Lawal ya buɗe baki zai faɗa, kalmar ta ƙi fita. Sai ya ce, "Sannu da hanya," ya karɓi dabinonsa ya fito. Dabinon ma jaki ya miƙa wa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, mutumin ba shi da wulaƙanci. Da zai ɗaga masa hanci ko sau ɗaya, da Lawal ya samu abin kamawa. Ina! Ko'ina ya gan shi sai ya tsayar da mota ya fito. Duk azumi sai ya aiko da shinkafa da sukari. Lami, matar Lawal, ta yi ta shi masa albarka, shi kuwa gogan yana cin shinkafar yana tsaki, wai tsakuwa ta yi mata yawa.

Akwai wani fili bayan tsamiyar, inda ake ɗaure jakan gidansu tun zamanin tsoho. Na wasu magada ne da ke zaune a Yakasai. Lawal ya shekara ashirin yana ce wa Lami wata rana zai saye shi, amma ko tayawa bai taɓa yi ba. Rannan kawai sai ga ma'auna da igiya, aka ce Alhaji Nu'uman ya saya. Da yamma ya zo da kansa, ya ce, "Lawal, ka bar jakanka a ciki, ba yanzu zan tashi gini ba."

"Ai ba sai an kore su ba," in ji Lawal. A ranar ya kwance su ya tura su cikin tsakar gida, suka yi ta cin igiyar shanyar Lami.

Washegari ya shiga rami kamar kullum. Ya kai saitin saiwar tsamiya, ya tsaya ya daɗe yana kallonta. Shi fa Nu'uman sama ya saya, ko ba haka ba? Ƙasan kuwa na wanda ya iya shiga ne. Ya ɗaga diga ya wuce.

Shekara shida filin yana zagaye da katanga ba a fara gini a ciki ba, shekara shida Lawal yana cin cikinsa. Ƙasar can ciki ta fi kowacce kyau, masu gyaran tsofaffin soraye har gida suke biyo shi. Da farko yana barin ginshiƙi kamar yadda aka koya masa. Sai shekarar da aka rushe masallacin unguwa, wanda aka gina da ƙasar Malam Tanimu, Nu'uman ya ba da bulo kyauta aka sake shi, liman ya yi ta sa masa albarka a lasifika. A makon nan Lawal ya sare ginshiƙi na farko. Na biyu bai yi masa wuya ba. Yana sara yana gaya wa kansa ai ɗan ƙaramin gida za a yi daga bakin hanya, bayan kuwa sai dai a shuka zogale. Amma kada in yi masa ƙarya don in wanke shi: duk saran da ya kai, fuskar Nu'uman yake gani.

Da aka fara sauke rodi da tsakuwa, ya toshe bakin ramin da tsohon kwano, ya tura masa shara, ya koma saro ƙasa daga bayan gari. Gini ya tashi. Ashe bene ne, kuma har ƙarshen filin ya kai. Kicin da matakala da ƙaton tankin ruwa duk aka jera su ta baya, daidai kan inda ya fi rarakewa.

Wata la'asar ana zaune a gindin masallaci ana kallon masu fenti, kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Wani ya ce wannan gida ai jikoki ma sun huta. Lawal bai san lokacin da maganar ta kuɓuce masa ba.

"Hmm. Allah dai ya sa ya ga damina uku."

Wani dattijo ya juyo ya ce, "A'uzu billahi! Malam Lawal, ka ce Masha Allah mana." Ya faɗa, amma a ciki-ciki, kuma kafin magariba zancen ya shiga kowane gida.

Damina biyu ta wuce lafiya. A ta uku, cikin watan Agusta, sai tsaga ta fito a bangon baya, siririya, daga tagar kicin zuwa ƙasa. Ranar da Lawal ya fara hango ta daga bakin kududdufi, wallahi daɗi ya ji. Ya koma gida ya ci tuwo malmala biyu, har Lami tana tambayarsa ko an yi masa albishir ne. Birkila ya zo ya shafe tsagar da siminti, bayan kwana huɗu ta sake buɗewa, wannan karon yatsa yana shiga. Ƙofar kicin ta daina rufuwa. Tayil ya fara ɗagowa yana fashewa da kansa da rana tsaka.

Ba wanda ya kalli ƙasa. Kowa bakin Lawal ya kalla. Ba shi ya ce damina uku ba? To ga ta ukun. Kambun baka ne, ba wani abu ba, mutumin nan bakinsa dafi gare shi. Wanda ya sayi sabon babur sai ya canza lungu in ya hango shi. Wata mai jego ta ja mayafi ta rufe fuskar jaririnta da ya zo wucewa. Aka kira mai fenti ya rubuta Masha Allah da manyan baƙaƙe a goshin benen, aka yi saukar Alƙur'ani, aka yanka rago aka rabar. Lawal yana ji yana gani. Abin da ciwo, amma ya fi masa sauƙi a ce bakinsa ne, don ba a kai mutum wurin hukuma saboda baki.

Ana cikin haka sai ga Kausar, 'yar Nu'uman ta fari, wadda ta gama karatun aikin jinya, ta yi sallama a gidan ranar wata Litinin. Ta durƙusa har ƙasa ta miƙa masa katin ɗaurin aurenta.

"Baba Lawal, Asabar ne. Na ce ni zan kawo maka da hannuna. Ni dai ban yarda da abin da ake faɗa a kanka ba."

Ta juya wurin Lami ta ce Hajiya, mahaifiyarta, ta ce Lamin ce za ta tsaya a kan girki. Za a kafa tukwane a bayan gida kusa da tanki, mata kuma za su yi yini a sama, har da masu kiɗan ƙwarya.

Lawal ya riƙe katin. Ya san nauyin da rufin ramin nan zai iya ɗauka, kuma ya san mata ɗari suna rawa a bene ba ya cikinsa.

Ranar Talata ya tari Nu'uman a ƙofar gida. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Ka ɗauke bikin nan daga gidan nan. Akwai rami a ƙarƙashi."

Nu'uman ya yi murmushi irin na wanda ya gaji. "Ramin Baba? Lawal, ni ma fa na yi haƙa a ciki. Iyakarsa tsamiya, tsakaninta da katangata kamu ashirin ne, da kaina na auna kafin in sa harsashi. Ga ginshiƙan Baba kuma, sun fi rodi." Ya dafa kafaɗarsa. "Shekara talatin ina haƙuri da kai. Don Allah ka bari a yi bikin yarinyar nan lafiya."

Kalma huɗu ce ta rage, na wuce tsamiyar nan. Lawal ya haɗiye ta ya juya.

A gida ya ce wa Lami ba za ta je ba. Ta ajiye muciya ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, abin naka har ya kai ka hana ni zumunci? Yarinyar nan a bayana ta girma. Ka ji tsoron Allah, baƙin cikin nan zai kashe ka." Zai iya tsare ta, ai shi ne mai gida. Ya zauna a zaure yana juya abin: ya kulle tasa matar a ɗaki, sauran kuma Allah ya kiyaye. Har ya ɗan ji zuciyarsa ta kwanta da hakan, sai kuma tsigar jikinsa ta tashi da ya gane abin da yake saƙawa.

Ranar Alhamis aka yini ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Juma'a da hantsi ya ɗauki tocila da shebur, ya ture shara, ya janye kwanon ya shiga. Ɓangaren tsoho yana nan garau, a bushe. Yana wuce tsamiya ƙafarsa ta nutse cikin taɓo. Ruwa yana tsiyaya daga sama, rufin ya yi ciki ya sauko har sai da ya rarrafa. A can ƙurya ya haska, ya ga abin da bai taɓa gani a cikin rami ba: gindin kankare, fari, a rataye, ba komai a ƙarƙashinsa. Yana nan durƙushe ya ji wani ɗan sauti daga sama, dum, dum, dum. Mata ne suka fara daka kayan yajin biki.

Ana sallame Juma'a ya kutsa cikin mutane ya kamo hannun rigar Nu'uman, ya ja shi gefe.

"Ba bakina ba ne," ya ce. "Hannuna ne. Zo ka gani."

Nu'uman ya dubi taɓon da ke cikin faratansa, ya dubi idonsa. Ya bi shi. Haka ya shiga ramin da farar shaddarsa, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya sunkuya kamar bai taɓa barin aikin ba. Suka wuce ginshiƙan tsoho ɗaya bayan ɗaya. Da suka zo saiwar tsamiya ya tsaya, don a saninsa nan bango yake. Hasken tocila ya wuce, ya yi ta tafiya.

Ya rarrafa har wurin kututturen ginshiƙi na farko, ya shafa shi da tafin hannu. Lawal bahago ne, saran digarsa ba ya ɓuya ga wanda suka yi aiki tare.

"Yaushe?"

"Bayan ka saya."

"Ka san zan yi gini a kai?"

"Na sani."

Ruwa yana ta ɗiga tsakaninsu. Lawal ya sunkuyar da kai yana jira. Ya riga ya shirya wa mari, ya shirya wa 'yan sanda da mai unguwa da barin Dukawuya da tsufansa. Kai, har wani sanyi-sanyi yake ji a ransa, don yau dai Nu'uman zai ɓaci, zai yi ashar, zai zama mutum kamar kowa. Nu'uman ya ɗaga kai ya saurari dakan matan. Ya ce, "Mu fita."

Kafin la'asar tifofinsa biyu suna ƙofar gida ana loda kaya. Hajiya tana kuka, dangi suna faɗa, wai wane irin abin kunya ne a tashi gida ana gobe ɗaurin aure. Nu'uman ya ce ko tsinke kada a bari, kuma kada wanda ya sake zagayawa baya. Aka kwashi biki aka kai gidan yayarsa a Yakasai, aka yi shi a matse, ana ta gunaguni.

Kwana tara bayan nan, ranar Lahadi da azahar, ba ruwa ba iska, bayan benen ya zauna. Waɗanda suka gani sun ce tankin ne ya fara karkacewa, sannan kicin da matakala suka bi shi, ƙasa ta buɗe ta karɓe su har rabin taga. Gaban gidan ya tsage biyu ya tsaya a haka. Tsamiya ta kwanta cikin kududdufi. Ko kaza ba ta mutu ba. Ramin kuma ya rufta tun daga ƙurya har baki, da kututturan da saran digar da komai.

Bayan sallar la'asar mai unguwa ya ce a ɗan dakata, Alhaji yana da magana. Lawal yana sahu na biyu. Ya gyara zama, ya ce a ransa yau a yi ta ta ƙare.

Nu'uman ya miƙe. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya ce, "Jama'a, mun ɗauki alhakin bawan Allah. Tsohon rami ne a ƙarƙashin gidan, tun na mutanen da, ni kaina ban san ya kai nan ba. Malam Lawal ya san ƙasa, ya yi ta faɗa, mu kuma muna cewa baki ne. Shi ya shiga da ransa ya gano, ya ja ni na gani da idona. Ba don Allah ya sa ya yi haka ba, da yau zaman makoki ake yi a gidaje hamsin. Ku taya ni gode masa."

Masallaci ya ɗauki kabbara. Dattijon da ya taɓa ce wa Lawal ya yi Masha Allah ya rarrafo ya kama hannunsa yana neman gafara. Nu'uman ya ratso sahu ya miƙo masa hannu biyu, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Na gode, ɗan'uwa." Hannun nasa sanyi ƙalau, kuma bangon da ke bayan Lawal yake kallo.

A nan Lawal ya ji tsohon abin nan ya taso masa daga ciki, da zafin da bai taɓa yi ba. Mutum ya rasa gidan da ya tara shekaru yana ginawa, ya san wanda ya rusa masa shi, ya tashi a gaban jama'a ya rufa masa asiri. Shi fa ko da zai sake rayuwa sau goma ba zai iya wannan ba, kuma ya san ba zai iya ba. Bene dai ya ga yadda ake kayar da shi. Wannan kuwa ta ina zai shiga ƙarƙashinsa?

Nu'uman ya koma haya a wajen Kabuga, bai sake gini a unguwar ba. In sun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure yana gaishe shi da Malam Lawal, sunan da bai taɓa kiransa da shi ba sai a masallacin nan, ya wuce. Lami ta yi ta alfahari da mijinta a gidajen suna. Yanzu duk wanda zai sa harsashi a Dukawuya sai ya aiko a ɗauki Malam Lawal ya zo ya duba masa ƙasa, yana zuwa kuma, yana dubawa tsakani da Allah. In an gama sai mai filin ya riƙe hannunsa ya ce ai ba za a manta da abin da ya yi wa gidan Alhaji ba.

"Ba komai," yake cewa, ya zare hannunsa ya tafi.